Yarjejeniyar Samoa a Kaduna: Nazarin Takaddamar Yulin 2024 da Sassan da Aka Tsallake

A ranar 28 ga Yuni, 2024, Najeriya ta sa hannu a kan Yarjejeniyar Samoa, ta haɗin gwiwa da Tarayyar Turai, a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan bikin da aka yi a Apia, babban birnin Samoa, inda rukunin farko na ƙasashe ya rattaba nasa hannun ranar 15 ga Nuwamba, 2023. An yi abin shiru, ba ganga ba shela. Ranar Alhamis 4 ga Yuli jaridar Daily Trust, wadda kamfaninta ya fara buga jarida a nan Kaduna a 1998, ta fito da labarin a shafinta na farko, tana cewa yarjejeniyar ta dala biliyan 150 ce, kuma tana ɗauke da sassan da ke tilasta wa ƙasashe masu tasowa mara wa masu auren jinsi baya. Washegari Juma'a ce, kuma a garin da hedikwatar Jama'atu Nasril Islam take, inda malamai da limaman coci ke da faɗa a ji fiye da yawancin 'yan siyasa, kafin a yi la'asar maganar ta riga ta karaɗe majalisun unguwanni, daga Tudun Wada zuwa Sabon Tasha, ta hanyar saƙonnin murya a WhatsApp da gajerun bidiyoyi a Facebook.

Wannan nazari ya ɗauki takaddamar a matsayin lamari guda, ya bi abin da aka faɗa da abin da ke rubuce, sannan ya auna sassan haƙƙin ɗan Adam da na ci gaba mai ɗorewa da ma'aunin abin da ya riga ya faru a Kaduna.

Abin da aka sa wa hannu

Yarjejeniyar tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashenta 27 a gefe guda, da ƙungiyar OACPS a ɗaya gefen, wadda a lokacin ta ƙunshi ƙasashe 79 na Afirka da yankin Karebiyan da Fasifik. Wa'adinta shekara 20 ne. Ita ta gaji Yarjejeniyar Kwatano ta 23 ga Yuni, 2000, wadda ita ma ta gaji jerin yarjejeniyoyin Lome da aka faro a 1975, kuma Najeriya tana cikin kowace ɗaya daga cikinsu. An fara tattaunawa a kanta a Satumban 2018, aka daidaita a kan rubutun a Afrilun 2021, ministan harkokin wajen Togo Robert Dussey yana jagorantar ɓangaren OACPS, Jutta Urpilainen kuma tana jagorantar na Turai. Jinkirin fiye da shekara biyu da ya biyo baya daga Turai ya fito, domin Hungari ce ta fara hana ruwa gudu, daga baya Polan ta karɓa.

Babban ɓangarenta yana da sassa 103, sai ƙarin yarjejeniyoyi uku na yankuna, ɗaya daga ciki ta Afirka. Babu wani asusu na musamman a cikinta. Tsohon Asusun Raya Ƙasa na Turai, wanda ya riƙa tafiya tare da Lome da Kwatano, an riga an shigar da shi cikin kasafin kuɗin Tarayyar tun daga 2021. Adadin biliyan 150 da ya tayar da ƙura kuwa na Yuro ne, kuma ya samo asali ne daga shirin zuba jari na Global Gateway da aka sanar ga nahiyar Afirka baki ɗaya a taron shugabannin Afirka da Turai na Fabrairun 2022. Ba kuɗi ne da aka ware wa Najeriya ba, kuma ba a cikin rubutun Samoa yake ba.

Yadda takaddamar ta gudana

Gwamnati ta mayar da martani cikin gaggawa. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya bayyana cewa Najeriya ta haɗa sa hannunta da wata takardar bayani mai ɗauke da kwanan watan 26 ga Yuni, wadda ta ce duk wani sashe da ya saɓa wa dokokin Najeriya ba shi da tasiri a ƙasar. Ministan kasafi da tsare-tsare Atiku Bagudu shi ma ya musanta zargin, shugaban Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa na lokacin, Yakubu Maikyau, ya fitar da sanarwa cewa babu sashen da ya ambaci abin da ake faɗa. A ɗaya ɓangaren, taron bishop-bishop na Katolika ya nemi a gyara yarjejeniyar ko a janye, kuma ɗan majalisa Aliyu Madaki daga Kano ya kai ƙudiri zauren Majalisar Wakilai, wadda ta miƙa batun ga kwamiti ya bincika. Gwamnati ta kai ƙorafi gaban hukumar sauraren ƙorafe-ƙorafe ta kafafen yaɗa labarai, hukumar ta yanke a watan Satumba cewa labarin bai dace da rubutun yarjejeniyar ba, jaridar kuma ta nemi afuwa.

Kafin hukuncin ya fito hankalin jama'a ya riga ya tashi daga wurin. An shiga zanga-zangar tsadar rayuwa ranar 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya ranar 5 ga wata, maganar Samoa ta mutu kamar yadda ta tashi, ba tare da yawancin waɗanda suka ta da jijiyar wuya a kanta, masu suka da masu karewa, sun buɗe takardar ba. A nan laifin gwamnati ya fi na kowa. An shafe shekaru ana tattauna wannan takarda, amma babu ma'aikatar da ta ga dacewar a fitar da taƙaitaccen bayaninta da Hausa ko a kai ta gidan rediyo a warware ta kafin a sa hannu, a garin da Rediyon Najeriya Kaduna ya shekara fiye da sittin yana yi wa Arewa bayanin manufofin gwamnati. Wanda aka ɓoye wa takarda, duk abin da aka ce masa yana ciki zai yarda.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa fargabar mutane ba daga iska ta taso ba. Sashe na 9 ya hana nuna bambanci bisa dalilan da ya lissafa, kamar jinsi da asali da addini da ra'ayin siyasa da naƙasa da shekaru, ya rufe jerin da cewa ko wani matsayi na daban. Turai ta so a ambaci masu neman jinsi ɗaya ƙarara a wannan jeri, ƙasashen OACPS suka ƙi, aka tsaya a kan wannan lafazi mai faɗi, wanda kowane ɓangare ke iya karantawa yadda ya ga dama. Sashe na 36 kuma ya yi alkawarin lafiya da haƙƙoƙin da suka shafi jima'i da haihuwa, cikin iyakar abin da aka amince a taron Alƙahira na 1994 da na Beijin na 1995. Akwai kuma tarihi: bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014, Majalisar Turai ta zartar da ƙudiri a watan Maris na shekarar tana neman a buɗe shawarwarin dakatar da Najeriya da Yuganda a ƙarƙashin Kwatano. Ba a aiwatar da ƙudirin ba, dokar kuma tana nan daram. Matsin lambar da Yuganda ta fuskanta bayan dokarta ta 2023 kan masu neman jinsi ɗaya, ta wasu ƙofofi ya shigo, domin Bankin Duniya ne ya dakatar da sababbin basussuka, Amurka kuma ta cire ta daga tsarin ciniki na AGOA daga Janairun 2024.

Ginshiƙan yarjejeniya da yadda aka yi amfani da su

Sashe na 9 ɗin nan ya bayyana mutunta haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya da bin doka a matsayin ginshiƙin yarjejeniyar, sashe na 101 kuma ya tsara abin da za a yi idan wani ɓangare yana ganin an karya shi: a fara da sanarwa da shawarwari, in ba a daidaita ba a ɗauki matakin da ya yi daidai da girman laifin, dakatarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Wannan tsari ya girmi Samoa. An shigar da shi cikin Lome ta huɗu a gyaran da aka sa wa hannu a farkon Nuwamban 1995, kuma kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 10 ga wata, gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na Ogoni a Fatakwal. Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin raya ƙasa, ta hana sayar wa Najeriya makamai, ta hana wa manyan sojoji biza, kuma ba a kammala janye matakan ba sai da mulki ya koma hannun farar hula a 1999. Duk tsawon waɗannan shekaru ɗanyen man Najeriya bai daina zuwa Turai ba, ko da yake rikicin Ogoni a kan mai da gurɓatar ƙasa ya taso.

A ƙarƙashin Kwatano, sashe na 96 ne ya ɗauki wannan aiki. An yi amfani da shi a kan Zimbabuwe a 2002, a kan Muritaniya da Gini da Madagaska bayan juyin mulki, a kan Nijar a ƙarshen 2009 lokacin tazarcen Tandja Mamadou, da kuma Burundi a 2016. Duk wanda ya dubi jerin zai lura cewa kusan kowane lamari juyin mulki ne ko maguɗin zaɓe ko zubar da jini, matakan galibi sun tsaya a kan tallafin da ake bai wa gwamnatoci, kuma a shekaru fiye da ashirin na Kwatano babu lokacin da wata ƙasar Afirka ta kira wata ƙasar Turai ta amsa tambaya a ƙarƙashin sashen, alhali a rubuce yana aiki a kan kowane ɓangare. Ba a taɓa motsa shi saboda albashin da aka danne ko masana'antar da aka rufe ba tare da sallamar ma'aikata ba. Wannan shi ne ya kai nazarin zuwa Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna.

Kakuri

Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki a 1957, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila. Masaƙar United Nigerian Textiles Limited (UNTL) ta biyo baya a 1964 da jarin 'yan kasuwar Hong Kong, ga kuma Arewa Textiles da jarin Japan, da Nortex da sauransu, har Kakuri da Makera da Nasarawa suka zama unguwannin da jiniyar canjin aiki ke tsara musu lokacin cin abinci da na barci. A nan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ta kafa hedikwatarta, a nan Adams Oshiomhole ya yi suna a matsayin babban sakatarenta kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Wanda ya bi ta gefen KTL a yau zai ga doguwar katanga, da rufin da ya yi tsatsa, da ciyawar da ta cinye harabar da dubban kekuna ke cika ta a da.

Dalilan rushewar suna da yawa, kuma wasunsu na cikin gida ne tsantsa: rashin wutar lantarki, tsada da ƙarancin baƙin man da ake ƙona wa tukwanen tururi bayan matatar Kaduna ta fara tangal-tangal, tsofaffin injina, raguwar noman auduga, da rashin iya gudanarwa. Amma tsarin ciniki yana tsakiyar labarin. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ranar 1 ga Janairu, 1995, ta ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, sannan a farkon 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan yadin da kowace ƙasa ke iya fitarwa, abin da ya buɗe wa masaƙun Sin kasuwannin duniya. Atamfa mai araha, wani lokaci ɗauke da kwaikwayon zanen masaƙun Najeriya, ta riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, garin da aka sa hannu a yarjejeniyar da Samoa ta gada, ta biyo ta Nijar ta shigo ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, kuma ko da aka sake buɗe ta a 2010 da rancen gwamnati ba ta koma yadda take ba.

Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe fiye da shekara ashirin suna bin kuɗin sallamarsu. Masu kamfanin ba baƙi ba ne, jihohin Arewa 19 ne, kuma ƙungiyar ma'aikatan da aka rufe wa masaƙu ba a biya su ba ta sha kai kukanta gaban taron gwamnonin Arewa, wanda sau da yawa a Kaduna ake yin sa. An sha yin alkawarin farfaɗo da masaƙar, an sha kafa kwamitoci, sun gaji da jin gafara sa ba su ga ƙaho ba, da yawa daga cikinsu kuma sun rasu sun bar wa matansu da 'ya'yansu takardun.

Tambayar da ta dace a yi wa Yarjejeniyar Samoa ita ce mene ne a cikinta ga irin waɗannan mutane. A rubuce akwai abubuwa da dama. Ɓangarorin sun yi alkawarin aiki mai mutunci da bin muhimman ƙa'idojin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, sun amince cewa bai dace a sassauta dokokin ƙwadago ko na muhalli don jawo jari ba, sun kuma yi alkawarin shigar da ƙungiyoyin farar hula da na ma'aikata cikin tattaunawa. Najeriya ma ba baƙuwar waɗannan ƙa'idoji ba ce, domin ta amince da yarjejeniyoyi na 87 da 98 kan 'yancin kafa ƙungiya da cinikin albashi, da ta 95 kan kare albashi, tun a 1960. Matsalar tana wajen aiwatarwa. Gwamnatoci ne kaɗai ke iya motsa sashe na 101. Bazawarar ma'aikacin KTL ba ta da teburin da za ta ajiye ƙorafinta, ƙungiyar ƙwadago ma ba ta da shi, kuma babu wanda zai sa ran gwamnatin tarayya ta kai ƙarar gwamnoninta, ko Turai ta ɓata da ɗaya daga cikin manyan masu sayar mata da gas saboda giratutin masaƙa.

Akwai yarjejeniyoyin da suka wuce wannan mataki, kuma kwatanta su da Samoa yana nuna cewa raunin zaɓi ne aka yi. A yarjejeniyar Amurka da Meziko da Kanada akwai hanyar gaggawa da ake kai ƙorafi a kan masana'anta guda, kuma a 2021 an yi amfani da ita a kan masana'antar General Motors da ke Silao, aka sake ƙuri'ar ma'aikata, daga baya wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi nasara. Turai da kanta ta kai Koriya ta Kudu gaban kwamitin ƙwararru, wanda ya yanke hukunci a Janairun 2021, Koriya kuma ta amince da wasu yarjejeniyoyin ƙwadago uku a cikin shekarar. Turai ta kuma janye wa Kambodiya wani ɓangare na rangwamen kuɗin fito a Agustan 2020, har da kayan sawa da takalma. Amurka ta cire Siwazilan daga AGOA a 2015 saboda haƙƙin ma'aikata. A duk waɗannan wurare akwai kayan da ake sayarwa waɗanda za a iya ɗora wa haraji. Kakuri ba ta fitar da komai zuwa Turai, saboda haka babu abin da za a riƙe a matsa wa kowa.

Ya kamata a fahimci cewa Samoa ba ta rage kuɗin fito ko na kwabo ba. Ta jingina harkar ciniki ne ga tsare-tsaren da ake da su, musamman yarjejeniyar haɗin gwiwar tattalin arziki, wato EPA, tsakanin Turai da Afirka ta Yamma, wadda aka kammala a 2014, wadda kuma ta tanadi yankin ya buɗe kashi 75 cikin ɗari na kasuwarsa cikin shekara 20. Najeriya ta ƙi sa hannu a kanta, bisa matsayin da masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago suka daɗe a kai, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa wa jakadan Turai haka a fili a 2018. Darasin Kakuri yana cikin abin da ya ƙarfafa wannan matsayi. Da takaddamar Yuli ta tsaya a kan rubutun, tambayar da ta cancanci a sa ministoci su amsa ita ce ko sa hannu a Samoa ya kusantar da Najeriya ga EPA, kuma wannan tambaya kusan ba a ji ta ba.

Wake da fiya-fiya

Inda ƙa'idojin Turai suka nuna ƙarfinsu a kan Arewa shi ne inda suke kare mai saye na can. A Yunin 2015 Tarayyar ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da iyakar miligiram 0.01 a kowane kilo, har an samu samfurin da ya kai miligiram 4.6. An ce haramcin na shekara guda ne, aka yi ta tsawaita shi. Ba a buƙaci shawarwari ko sashe na 96 ba, doka ce ta cikin gida da Turai ta zartar ta kuma aiwatar a bakin tasharta.

Sinadarin ba baƙo ba ne a kasuwannin hatsi, shi ne ake kira fiya-fiya. Ɗan kasuwar da ya sayi wake da kaka yana son ajiye shi har farashi ya tashi yakan baza shi a kan tamfol, ya yayyafa maganin, yara su juya da shebur ko da hannu, ba safa ba abin rufe hanci, a ɗura a buhu a ɗinke. Wani ma a cikin shagon da aka jibge buhunan yake kwana. Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani, wato buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje, wanda in an ɗaure kowane hawa tam iska ke ƙarewa ƙwarin su mutu, amma ya fi buhun gama-gari tsada, kuma mai ajiye ɗaruruwan buhuna lissafin riba yake yi. Haramcin ya kare mai cin wake a Turai nan take. Waken da aka hana fita bai ɓace ba, a kasuwannin gida aka sayar da shi, aka yi ƙosai da alale da shi, kuma sai a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne cewa kamfanoni a Turai sun daɗe suna fitar da wasu magungunan ƙwari da aka haramta amfani da su a can zuwa ƙasashe masu tasowa, Faransa ce ta fara hana hakan da doka daga 2022.

Irin wannan tsari na ɓangare guda yana ƙaruwa. Dokar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka ta shafi shanu da waken soya da koko da kofi da manja da roba da katako, tana buƙatar a nuna ainihin inda gonar take a taswira, a tabbatar ba a sare daji a wurin ba bayan 31 ga Disamba, 2020, kuma an bi dokokin ƙasa kan filaye da ƙwadago. An ɗage fara aiki da ita, amma ba a soke ta ba. Wata dokar da ke hana shigo da kayan da aka samar ta hanyar aikin tilas za ta fara aiki a Disamban 2027. Kaduna tana noman waken soya, citta kuma daga Kachia da Jaba da Kagarko take fita zuwa kasuwannin waje, kuma ko da yake citta ba ta cikin jerin dokar dazuzzuka, masu saye suna ƙara neman a nuna musu asalin kaya. Manufar tana da kyau. Nauyin tabbatarwa kuwa yana faɗawa a kan manomin da gonarsa ta gado ce, ba ta da takardar mallaka, wanda kuma cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta riga ta cinye masa iri da jari. Samoa ta yi alkawarin haɗin kai don taimaka wa ƙasashe su cika ƙa'idojin lafiyar abinci, amma tunda babu asusu a cikinta, yawan taimakon da lokacin zuwansa suna hannun kasafin Turai.

Inda dokar Najeriya ta tsaya

Amsar da ta fi ƙarfi ga fargabar Yuli tana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, ba a cikin takardar bayanin 26 ga Yuni ba, wadda ɓangare guda ne ya rubuta ta. Sashe na 12 ya ce babu yarjejeniyar da ke zama doka a Najeriya sai gwargwadon abin da Majalisar Tarayya ta mayar doka, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000. Idan batun ba ya cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince, kuma auren Musulunci da na gargajiya an cire su ƙarara daga wannan jeri. An ga yadda abin ke tafiya a aikace: Najeriya ta amince da yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a 1985, amma Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaiton jinsi a 2016, dokar haƙƙin yara ta tarayya kuma ta 2003 ce, sai a 2018 majalisar dokokin Jihar Kaduna da ke zama a Lugard Hall ta zartar da tata, bayan doguwar tattaunawa da shugabannin addini.

Haƙƙin ma'aikata ne kaɗai aka yi wa gajeriyar hanya. Gyara na uku da aka yi wa kundin a 2010 ya shigar da sashe na 254C, wanda ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon yin aiki da duk yarjejeniyar ƙwadago da Najeriya ta amince da ita, kuma kotun tana da reshe a Kaduna. Ma'aikacin da aka danne wa haƙƙi yana iya dogara da yarjejeniya ta 95 a gaban alƙali a cikin garinsa, abin da Samoa ba ta ba shi ba a Brussels. Samun hukunci daban ne, karɓar kuɗi daga hannun gwamnatoci daban, domin doka ta sa sai an nemi izinin babban lauyan gwamnati kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, kuma a wannan gaɓa ce shari'o'i da yawa ke tsayawa.

Ita kanta Samoa tana aiki ne na wucin gadi tun 1 ga Janairu, 2024. Ba za ta fara aiki cikakke ba sai Tarayyar Turai da dukkan ƙasashenta da aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙasashen OACPS sun kammala amincewa da ita bisa dokokinsu. Yarjejeniyar ta kuma kafa majalisar haɗin gwiwa ta 'yan majalisun Afirka da Turai, wadda aka ƙaddamar a Luwanda a Fabrairun 2024. Kaduna tana da sanatoci 3 da wakilai 16 a Majalisar Tarayya, mazaɓar Kaduna ta Kudu da Kakuri ke cikinta tana da nata wakilin, kuma a gabansu ne duk wani ƙudirin mayar da wani sashe na yarjejeniyar doka zai bi, har da sassan aiki mai mutunci da na ciniki da EPA ke jingine da su.